Yadda za ku binciko tarihin fitacciyar macen garinku, ku raya sunanta

Idan aka ce a lissafo matan da suka yi suna a tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, yawancinmu ba ma wuce shida ko bakwai: Daurama, Amina ta Zazzau, Nana Asma'u, Sarauniya Mangu ta Lugu, Gambo Sawaba, Ladi Kwali. Daga nan sai a fara kame-kame. Alhali babu garin da bai yi ungozomar da rabin unguwa suka faɗo a hannunta ba, ko malamar da ta shekara arba'in tana biya wa matan aure karatu a tsakar gidanta, ko dillaliyar da ta aurar da marayu ta kuma biya wa mutane kujerar Makka da guminta. Waɗannan ba sa cikin littafi. Suna cikin kan tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa manya marsiyya, irin su ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Amma ba ta tsaya kan manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, mai zama da mata a kan gwiwa, mai wanke mamata. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajin 'Yan Taru masu jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu. Ba don baitocin nan ba, da yau babu mai sanin an taɓa yin waɗannan bayin Allah. Abin da ke biye hanya ce ta yin irin wannan aiki da kayan zamaninmu.

Mataki na farko: ku tsaya kan mace ɗaya

Kada ku ce za ku rubuta "tarihin matan Katsina" ko "gudummawar mata a Damagaram". Mai faɗin haka yakan ƙare da maimaita abin da kowa ya sani. Ku zaɓi mace ɗaya, wadda har yanzu akwai masu rai da suka gan ta da idonsu, suka ci abincin hannunta ko suka sha faɗanta. Idan tana raye, to kun yi sa'a, kuma aikin na gaggawa ne.

Neman ta ba wuya in an iya tambaya. Kada ku ce wa tsohuwa, "Wace mace ce ta shahara a garin nan?" Za ta ce muku matar sarki ko uwar wani attajiri. Ku tambaye ta wa ta karɓi haihuwarta ta fari, wa ta koya mata Fatiha, gidan wa ake kai amarya in ta yi yaji, wa ke riƙe adashin unguwa, wa ake kira in an yi mutuwar mace. In kuka ji suna ɗaya ya fito daga baki uku, kun sami wadda kuke nema. Ku kuma saurari sunayen wurare. Rijiyar wance, lungun wance, makarantar wance, duk ba banza aka sa su ba. A gidajen sarauta akwai muƙaman da mata suka riƙe tun da daɗewa: Magajiya, Iya, Inna a Gobir, Mai Babban Ɗaki da Uwar Soro a Kano, Magira a Borno, ga jakadu mata da zabiyoyi. Kowace kujera a cikin waɗannan tana da jerin waɗanda suka zauna a kanta, kuma da wuya a sami wanda ya rubuta jerin.

Ni dai ra'ayina, a fara da talaka. 'Yar sarki tana da maroƙa da dangi masu riƙe da asalinta. Mai ƙuli-ƙulin da ta ɗauki nauyin karatun yara goma ba ta da kowa sai ku.

Mataki na biyu: ku tattara sunayenta duka

Wannan ƙaramin abu ne da ke ɓatar da masu bincike da yawa. Mace ɗaya a ƙasar Hausa takan yi suna huɗu ko biyar. Akwai na yanka, akwai na rana irin su Ladi, Talatu, Laraba, Jummai da Asabe, akwai laƙabin da ake sakaya sunan da shi: A'ishatu ta zama Indo ko A'i, Hauwa ta zama Kulu, Fatima ta zama Binta, Zainabu ta zama Abu, Hadiza ta zama Dije. Sannan ga sunan da dangin miji suka sa mata, ga wanda jikoki ke kiranta da shi, Goggo ko Iya ko Hajiya Babba, har ya danne sauran. Gambo Sawaba kanta sunanta na yanka Hajaratu. Ku buɗe shafi guda ku jera sunayen nan, kowanne da wanda ke kiranta da shi. Ku haɗa da sunan mahaifinta, na mahaifiyarta, da na duk mazan da ta aura, domin a takardun hukuma sau da yawa ta bayan sunan namiji za ku same ta.

Ku tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukarta. Kada ku matsa mata. Ku rubuta "mai sunan Malam" yadda ta faɗa, daga baya ku tambayi wata a gefe.

Mataki na uku: sallama kafin shiga

Tarihin mace sirrin gida ne, ba a faɗa masa kai tsaye. Ku fara da babban gidan, namiji ko mace, ku gaishe shi, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo ku. A ƙauye ku biya ta wurin mai unguwa ko dagaci. Ku faɗi gaskiyar inda labarin zai je: rediyo ne, littafi ne, Facebook ne, ko aikin makaranta. Wanda ya yarda a ɗauki muryarsa bai zama lalle ya yarda a sa hoton uwarsa a intanet ba, don haka kowanne a nemi izininsa daban, a kuma ɗauki amincewar a cikin rikodin.

In mai binciken namiji ne, lalle ya nemi abokiyar aiki mace, ƙanwa ko matarsa ko ɗaliba. Abin da za a gaya masa a zaure ba shi ne abin da za a gaya mata a ɗaki ba, na ɗakin kuwa shi ne tarihin. Ku riƙe goro, sabulu ko turare na gaisuwa kamar yadda aka saba zuwa wurin manya. Amma kada ku yi cinikin labari. Ranar da aka gane kuna biya, ranar labarai za su fara ƙaruwa da abin da bai faru ba.

Mataki na huɗu: hirar kanta

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ku kashe mafi yawan lokacinku.

Akwai misalin da ya isa a yi koyi da shi. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, ba ta ma taɓa haihuwa ba. Ungozoma ce da aka haifa wajen 1877. Ta ba da labarin harin masu kamun bayi, da zuwan Turawa, da aurarrakinta huɗu, da yadda ake ƙawance da riƙon 'ya'ya da biki. Ta rasu a 1951, littafin labarinta mai suna Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har gobe duk mai son sanin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa sai ya bi ta kansa. Abin lura shi ne ba a zama ɗaya aka yi ba. An yi makonni ana komawa, har tsohuwar ta saki jiki. Da an jinkirta shekara biyu, da an rasa komai.

Ku je lokacin da mai maganar ta huta, bayan azahar ko da hantsi in an gama aikin safe. Ku sa wayarku a yanayin da kira ba zai shigo ba, ku ajiye ta kusa da bakin mai magana a kan tabarma ko matashi, nesa da injin niƙa da janareta. Kafin komai ku faɗi ranar, da garin, da sunan mai magana da dangantakarta da marigayiyar, don rikodin ya ɗauka. Bayan shekara biyar ba za ku tuna ba.

Ku fara da abin da ke da sauƙin faɗa. "Iya, yaya kamanninta suke?" "Me take sawa in za ta unguwa?" "In kin shiga ɗakinta me za ki fara gani?" Irin wannan tambaya tana mayar da tsohuwa cikin ɗakin, daga nan labari ke zubowa da kansa. Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce ba ta haifar da komai. Haka ma wadda kuka riga kuka cusa amsarta a ciki: in kuka ce, "Ai mai haƙuri ce ƙwarai, ko?" za a ce muku, "Ƙwarai kuwa, Allah ya jiƙanta," shi ke nan an rufe ƙofa. Duk mamaci a bakin mutanenmu mai haƙuri ne, mai kyauta, mai zumunci, kuma hakan ladabi ne mai kyau. Amma tarihi yana son abin da ya faru. Saboda haka duk lokacin da aka yabe ta da wani hali, ku ce, "Ba ni labarin wata rana da kika ga hakan da idonki." A nan za ku ji shekarar da ta buɗe rumbunta ta raba wa unguwa, ko ranar da ta tsaya gaban alƙali a kan gadon wata marainiya.

Ku bi sana'arta dalla-dalla. In mai saƙa ce ko kaɗi, ina take samun auduga, wa ke kai mata zare kasuwa, nawa ake sayen sawaye. In ungozoma ce, da me take yanke cibi, wane saiwa take dafawa, me ake ba ta in an yi suna, yaya ta yi da ma'aikatan asibiti da suka zo daga baya. In malama ce, wa ya karantar da ita, waɗanne littattafai take biyarwa, Ahalari ne ko Ishiriniya ko Ƙawa'idi, su wa suka sauke a hannunta. In 'yar siyasa ce, wace jam'iyya, wa ya sa ta a ciki, me ya same ta a dalilin haka. Matan Arewacin Nijeriya ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, amma tun shekarun 1950 akwai matan da suka sha ɗauri da duka a kan jam'iyyar NEPU, kuma ba Gambo Sawaba kaɗai ba ce. Sauran fa, su wane ne a garinku?

In tsohuwa ta yi shiru, ku bar ta. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun ya fi duk abin da ya gabace shi. In ta yi kuka, ku tsayar da rikodin, ku yi wa mamaciyar addu'a tare. Kada zama ya wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi, gara ku dawo. Kuma ku yi ƙoƙari ku gana da kowa shi kaɗai, domin in babban ɗa yana zaune, ƙannensa mata ba za su ce komai ba sai "haka ne".

Kada ku tsaya kan 'ya'yanta. Ɗiyar riƙo, kishiya, 'yar kishiya, ƙawa, yarinyar da ta yi mata talla, almajirin gidan, maƙwabciyar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, kowanne da ɓangaren da ya sani. Kafin ku tashi, kullum ku rufe da tambaya ɗaya: "Wa kuma ya san ta da zan je wurinsa?"

A daren ranar, ko washegari, ku rubuta hirar kalma da kalma. Ku bar ta da harshen mai ita. In Basakkwata ce ko Ba'ara ko Bagobira, kada ku mayar da maganarta Kananci da sunan gyara.

Mataki na biyar: sa wa labari shekara

Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Aikinku ne ku yi wa garinku jadawalin manyan al'amura, ku riƙa auna labari da shi. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Yunwar Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a 1956. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa ya ci daga 1967 zuwa 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, shekarar da fari ya tsananta. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980 ne. A Nijar, sojoji sun kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, an kuma sake shan wata yunwar a 1984. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau: Dikko ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, Abdullahi Bayero ya yi ta Kano daga 1926 zuwa 1953, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku daga 1938 zuwa 1988.

To in aka ce muku, "An yi mata auren fari ana sauran shekara biyu Dikko ya rasu," kun sami 1942. In a lokacin 'yan matan garin ana aurar da su suna da sha uku zuwa sha biyar, kun kusanci shekarar haihuwarta. Ku rubuta "wajen 1928", kada ku ƙirƙiro rana da wata. Sunaye ma suna taimakawa: Azumi a watan azumi aka haife ta, Tasalla lokacin salla, Gambo kuwa bayan tagwaye ta zo.

In kuka ci karo da shekarar Hijira a takarda, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622, za ku sami ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Misali 1280 ta ba da 1863 zuwa 1864. Waƙoƙin ajami kuma sukan ɓoye shekarar a cikin ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi, a baitocin ƙarshe, wannan sai ku kai wa malamin da ya san hisabin haruffa.

Mataki na shida: abin da ke cikin adudu da gafaka

Kafin ku tafi Kaduna ko Yamai neman takardu, ku nemi a buɗe muku akwatinta. Fasfon aikin hajji yana ɗauke da hoto da shekara. Katin jam'iyya, katin asibiti, rasiɗin fili, takardar rabon gado, wasiƙun ajami, littafin bashi, hoton da aka ɗauka a situdiyo wanda hatimin mai hoton ke bayansa, duk shaidu ne. Haka tasoshin jerenta, da mazarinta, da allonta, da Alƙur'anin da wani ya rubuta haihuwa da mutuwar 'yan gida a bangonsa. Kada ku raina wannan mataki. Rubuce-rubucen Nana Asma'u a gidan zuriyarta suka zauna fiye da shekara ɗari, a hannun Waziri Junaidu, kafin wata Baturiya mai bincike, Jean Boyd, ta sami izinin yin aiki a kansu, har aka buga su a dunƙule a 1997 tare da Beverly Mack.

Ku ɗauki hoton komai a inda yake, gaba da baya, a hasken rana amma cikin inuwa. Kada ku tafi da asalin takarda ko da an ba ku, domin nan ne zumunci ke ɓaci. Kada ku liƙa wa tsohuwar takarda salatif, kada ku kai a manne ta da leda mai zafi.

Sannan ku nemi abin da ba a ajiye shi a akwati: kirarinta, taken da makaɗa ke yi mata, waƙar da aka yi ranar aurenta, waƙoƙin niƙa da na daɓe da take yi, habaicin da aka san ta da shi. Masu amada da zabiyoyi sukan jera sunayen matan da suka yi musu alheri, da garinsu da sana'arsu. Tsohon kaset na irin su Barmani Choge ko Uwaliya Mai Amada yana iya ɗauke da sunan wadda kuke nema.

Mataki na bakwai: gidajen adana tarihi

Ku je da shirin cewa takardun hukuma ba su damu da mata ba. Duk da haka ana samu. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin zamanin Turawa, an kasa su lardi-lardi: Kanoprof, Sokprof, Zarprof, Katprof da sauransu. Ku duba rahotannin gundumarku, da fayilolin makarantun 'yan mata, waɗanda aka fara buɗewa a Kano da Katsina a 1930, da na horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen hannu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, kuma shafukanta cike suke da labaran garuruwa da wasiƙun masu karatu. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, a Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu da Gidan Makama, da gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano, ga mai bin sawun 'yan NEPU. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni mai tarin rubutun Larabci da ajami, da cibiyar CELHTO da aka kafa don tarihin baka.

Wuri biyu da ake yawan mantawa: kundayen kammala digiri a sassan Hausa da tarihi na jami'o'inmu, inda ɗalibai suka yi hira da tsofaffin da yanzu ba sa duniya, da kuma littattafan kotunan alƙalai, inda mata ke fitowa da sunansu a shari'ar gado, bashi da aure. Ku tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, ku kuma gwada rubutun suna ta kowace fuska. A takardun Faransanci Hauwa takan zama Haoua, A'ishatu ta zama Aïchatou, Hajiya ta zama Hadjia.

Mataki na takwas: tankaɗe da rairaya

Yanzu kuna da labarai masu karo da juna. Haka tarihi yake. Dubi Amina ta Zazzau, duk da shahararta. Tarihin sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wato ƙarni na 16. Tazarar ta fi shekara ɗari, kuma masana na ƙwarai ba su ɓoye wannan saɓani ba. Sarauniya Mangu ta yi tsayayya da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu ta ƙasar Nijar ta yau a 1899, wannan tabbas ne. Amma yawancin abin da mutane ke ba da labari a kanta yau daga ƙagaggen littafi da fim na shekarun 1980 ya fito, ba daga bakin mutanen Lugu ba.

Saboda haka kowane batu ku tambayi kanku: mai faɗar nan gani ya yi ko ji? Me zai samu in an yarda da shi? Akwai wani da ba su haɗa baki ba da ya faɗi irinsa? Abin da mutum biyu ko uku daga gidaje daban suka tabbatar, ku rubuta shi kai tsaye. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ku jingina masa. Inda aka saɓa, ku kawo duka biyun. Labarin karama ko na aljanu kada ku jefar, kada kuma ku mayar da shi hujja, ku ce haka mutanen garin ke faɗa. Kuma ina roƙonku da babbar murya, kada ku ɗauko hoton wata tsohuwa daga intanet, ko wanda kwamfuta ta zana, ku ce ita ce. In babu hotonta, ku sa na ƙofar gidanta ko na kayan sana'arta.

Akwai abubuwan da za ku ji masu nauyi: asalin bauta, sa-ɗaka, zaman kai, bori, auren da ya mutu da rigima. Waɗannan ɓangaren rayuwar matan ƙasar nan ne, share su gaba ɗaya ƙarya ce. Amma jikokinta suna raye, suna neman aure a garin. Abin da nake gani shi ne a koma wurin iyalin a karanta musu kafin a fitar. Abin da suka ce a sakaya, a sakaya shi a rubutun da za a yaɗa, a bar cikakken rikodin a ajiye da sharaɗin kada a buɗe sai bayan wasu shekaru. Abin da aka gaya muku bisa amana, amana ne.

Mataki na tara: rubutawa da ajiyewa

Ku rubuta da Hausar da jikarta 'yar aji shida za ta karanta ta gane. Shafi biyar zuwa goma sun isa a karon farko: asalinta, tashinta, aurenta, sana'arta, abin da ta yi wa mutane, waɗanda ta rena ko ta koyar, rasuwarta. Ku bar muryar waɗanda suka san ta ta fito da kalmominsu. Kada ku cika shi da "gwarzuwa" da "jaruma", aikinta ya ishe ta yabo in kun faɗe shi yadda yake. Ku bar ta da halinta na 'yar Adam, in mai faɗa ce ku ce mai faɗa ce.

Muryoyi da hotuna ku ajiye su wuri uku: a kwamfuta, a ma'ajiyar intanet, da katin ajiya a hannun iyalin. Waya kaɗai ba ma'ajiya ba ce, faɗuwa ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa. Kowane fayil a sa masa sunan mai magana da gari da rana. Ku kai kwafi ɗakin karatu na jami'a ko hukumar tarihi mafi kusa.

Mataki na goma: raya sunanta

Farkon waɗanda za su ji sakamakon su ne waɗanda suka ba ku labarin. Ku tara su a gidan, a yi mata addu'a, a karanta a bayyane, domin da yawansu ba sa karatun boko. A nan za a yi muku gyara, a nan kuma wata da ta yi shiru tun farko za ta buɗe baki.

Daga nan sai a fita da shi. Gidajen rediyon jiha da masu zaman kansu suna da filayen mata da na tarihi, kuma suna neman abin sawa. Muryar minti biyar a WhatsApp ta fi dogon rubutu isa ga matan cikin gida. Ku kai wa shugabar makarantar 'yan mata ko Islamiyyar unguwa, a karanta wa ɗalibai, a sa su su ma su je su tambayi kakanninsu. Ku ba mawaƙi ko marubuciyar waƙa tarihin su tsara shi baiti-baiti, tunda waƙa ta fi zama a ka. In kuna son ta shiga Wikipedia ta Hausa, ku fara fitar da labarin a jarida ko mujalla, domin can sai da madogarar da aka buga ake karɓar rubutu.

Sa suna ma hanya ce. An sa wa babban asibiti a Zariya sunan Gambo Sawaba, hoton Ladi Kwali yana bayan takardar naira 20. Ku ba sai kun kai can ba. Aji guda a Islamiyya, ɗakin haihuwa na asibitin unguwa, ko layin da ta zauna, ana iya neman a sa musu sunanta ta hannun mai unguwa da ƙaramar hukuma. Mafi dacewa shi ne abin tunawar ya yi kama da aikinta, ya kuma zame mata sadaka mai gudana: ungozoma a sayi kayan haihuwa da sunanta, malama a ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya duk shekara, wadda ta shayar da unguwa a gyara rijiyarta. Taron da za a kashe kuɗin a kan rumfa da kujerun manyan baƙi, a tashi ba a ambaci abin da ta yi ba, gara a bar shi.

Kafin ku rufe fayil ɗinta, ku koma cikin hirarrakin ku fitar da sunan duk wata mace da aka ambata a gefe: wadda ta koya mata sana'ar, ƙawar da suke tafiya fatauci tare, wadda ta gaje ta. Ku rubuta kowacce da sunan tsohon da ya san ta da kimanin shekarunsa, ku fara da wadda mai ba da labarinta ya fi tsufa.